Harafi Biyu a Allon Nuala

Ni na riƙe tsani ran nan a Kilrush,
sha shida ga Maris, jajiberin bikin waliyyi,
iska na kwaso warin gishiri daga bakin ruwa.
Dervla ce a sama, alli a hannu,
'yar ƙanen Nuala, kwananta tara da sauka daga Boston,
takalmanta ba su gama sanin caɓin garin ba.
Ta rubuta: Barka da Ranar Patty.
Ta zana ganye mai kunne uku a gefe, kore shar,
ta sauko tana karkaɗe hannu.

Nuala ta fito, fulawa har gwiwar hannu.
Ta dubi allo, ta dube ni, sai ka ce ni na koya mata.
"Patty wace? Patricia matar mai gyaran famfo?
Ko dunƙulen naman da kuke cusawa tsakiyar burodi?
Pádraig ne sunansa. Paddy. Da d.
Shekara talatin ina gashi a titin nan,
ba a taɓa mai da waliyyina nama a ƙofata ba."

"Gwaggo, a bakinmu can duk ɗaya suke fita.
Uwata ta sa koren gyale dominsa har ta koma ga Allah.
Harafi ne fa."
"Harafi ne," in ji Nuala, "ƙaya ɗaya ke sa ɗingishi."

Magana ta shiga shago, ta samu kujera.
Wata ta ce raini ne. Wani ya ce rashin sani ya fi dare duhu,
a yi wa yarinya uzuri.
Tsohon malamin makaranta ya aje kofi:
a Latin, in ji shi, t ce, Patricius,
mutumin ma ba haihuwar tsibirin nan ba ne,
kamo shi aka yi yana yaro, ya yi bauta, ya yi kiwo.
Ba wanda ya tanka.
Gaskiyar da ba a tambaya ba shayi ne da ya huce.

Can kusa da murhu Malachy ke zaune,
mutumin da kan wuni bai ce uffan ba.
Bai ɗaga kai ba ya ce:
"Shekara ashirin da biyu na ɗauki bulo a Birmingham.
Shugaban leburori bai taɓa tambayar sunana ba.
Paddy, kawo siminti. Paddy, kurma ne kai?
Mu goma sha ɗaya, sunanmu ɗaya, kamar jakunan haya.
Ran da suka rubuta shi a ƙofar banɗaki
ba su yi kuskure ba, Nuala.
Da d ɗinki suka rubuta, biyu cif."

Buta ta tafasa, ba mai sauke ta.
Dervla na murza alli har ya karye.
Nuala ta koma ciki, na ji tana dukan ƙullu
fiye da yadda ƙullu ke bukata.

Da dare ruwa ya sauka, irin namu mai zuwa a karkace.
Da safe allo ya yi hawaye fari,
sauran Pa, sai wani wutsiya a ƙarshe.

Na sake riƙe tsani.
Dervla ta hau, ta rubuta Pádraig a hankali,
sai ta ɗora ɗan karan nan a kan a ta biyu.
Na ga Nuala ta gani.
Ta buɗe baki. Masu algaita suka karyo kwana,
yara a baya, kumatu duk koren fenti.
Ta rufe.

Ta naɗe burodin Malachy cikin takarda,
ta ɗauki fensir daga bayan kunne,
ta tambaye shi yadda uwarsa ke rubuta sunansa.